Faifan da Ya Buɗe Bakin Baba Younoussa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Younoussa, Baturen Danmak, mijin Hajiya Fourera, a nan birnin Greensboro na Amurka.

Baba, mun san ka da farin gemu da Hausar Damagaram, can inda ka musulunta ka yi aure. Kai ka koya wa yawancinmu mata tuƙi a filin ajiye motoci na titin Wendover. Ko na taka birki har hularka ta faɗi, sai ka ce, "Malama, madalla, sake."

Kaɗan ne suka san cewa da ƙuruciya makaɗin jita ne kai, cikin wata 'yar ƙungiyar samari da ko a Danmak an manta da ita. Faifai ɗaya kuka yi kuka watse.

Da ciwon shanyewar jiki ya same ka, magana ta ɗauke. Muna ta karanta maka Yasin, kana kallon bango. Hajiya ba ta roƙon komai sai ta ji kalmar shahada daga bakinka kafin ka tafi.

Sai 'yarku Anissa ta nemo faifan nan a intanet. Hajiya ta kama hannuna: "Malama, ya halatta a sa masa?" Ni ban taɓa zama sauraron kiɗa ba. Na ce, "Ban san hukuncinsa ba, Hajiya. Ku sa, Allah Ya ga niyyarmu."

Jama'a, abin da idona ya gani! Jitar na tashi, yatsunka suka fara motsi bisa bargo. Sai leɓe. Sai ga murya, kana bin waƙar da yarenku, har da dariya! Ka juyo ka ce da Hausa tsaf, "Fourera, ni ne nan, ni ne mai jitar!"

Hajiya na kuka tana dariya: "To mai jita, faɗi La'ilaha illallah."

Ka faɗa, Baba. Ka cika ta har ƙarshe, da kunnena na ji. Anissa ta kashe faifan, ɗakin ya ɗauki kabbara.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Hajiya Fourera, Anissa, Allah Ya ba ku haƙuri. Abin da kuka roƙa, an ba ku.