Takabar Yaya da Muryar Cikin Waya

Yayata tana cikin takaba a Mandera lokacin da ciwon Inna ya tashi. Mijinta ya rasu ana tsakiyar cire albasa, ta zauna a ɗakinta kamar yadda addini ya ce. Ni da Inna muna Bodinga, ƙafafunta sun kumbura, abinci sai an yi da gaske take kai loma. Mandera kuwa ba wata tafiya ba ce, mai babur zai kawo mutum ya mayar da shi da sauran rana.

Na kira Yaya na ce ta zo ta ga Inna. Maimakon amsa, sai ta turo mini wata murya da ke yawo a wayoyin matan unguwarsu. Wani mutum ne, ba suna, ba fuska, ba a faɗi inda ya yi karatu ba. Ya kwararo Larabci kamar ana korarsa, sannan ya ce mai takaba in ta taka ƙofar gida, ko uwarta ce ke gargara, takabarta ta ɓaci, kuma mijinta zai sha azaba a kabari saboda ita. Wannan na ƙarshen shi ya ɗaure Yaya, don tana son mutumin nan ƙwarai.

Raina ya ɓaci. Ni ma na shiga waya na lalubo wani mai wa'azi da ya ce tana iya fita da rana don lalura, ta koma ta kwana ɗakinta. Na tura mata ina jin na gama magana.

"Shi wanga naki, wa na shi?" in ji Yaya.

Ban san shi ba. Rawaninsa kawai na gani, da littattafai jere a bayansa.

"To kin gani. Naki na waya, nau na waya. Wanda yat tsananta nika bi, ko kuskure na ban yi hasara ba."

Haka mutanenmu ke auna malaman waya, kuma abin yana ci mini rai har yau: wanda ya fi tsanani shi ya fi kama da mai gaskiya, mai sauƙi kuwa neman suna yake yi. Na yi faɗa, na yi lallashi, Yaya sai kuka.

Inna ce ta ji mu ta ce, "Ku bar hayaniya, ku tambayi Malam." Tsohon da ya koya mana karatun allo take nufi. Ba ya riƙe waya, ga shi ya tafi Kajiji ta'aziyya, dole muka jira. A kwanakin nan ko iska ta kaɗa labule sai Inna ta ɗaga kai ta duba ko Yaya ce.

Da safen da na ji ya dawo na je na durƙusa a zaurensa, na kunna masa muryar. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce Larabcin nan addu'ar buɗe wa'azi ce kawai, babu hujja ko ɗaya a ciki, batun azaba kuma ƙage ne.

"Ki ce mata ta taho yanzu, ta koma kahin magariba."

Na ɗauki muryarsa na tura mata. Wannan muryar ta sani tun tana yarinya, ba ta yi gardama ba.

Da na koma, tun daga kwanar gidanmu na jiyo kuka. Inna ta cika ina zauren Malam. Kafin Yaya ta sami babur a Mandera an yi wanka, an yi salla. Ta sauka a ƙofar gida daidai lokacin da maza ke dawowa daga maƙabarta.

Ba ta kula masu yi mata gaisuwa ba. Ta kama hannuna ta ja ni ɗakin Inna, ta tsaya tana kallon shimfiɗar da aka naɗe.

"Ta neme ni?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Ta dube ni, ta ga gaskiyar a fuskata, ta saki hannuna.