Gwiwar Saminu Mahauci

Saminu mahauci ne, ɗan mahauta, haihuwar Dumega. A zamanin ƙuruciyarsa, da an gama yankan hatsi sai samarin mahauta su naɗe hannu ɗaya da zare, su bi kasuwanni neman abokin dambe. Dokar ba ta da wuya: wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Saminu ya buga a Tibiri, ya buga a Dogon Dutsi, ya ƙetara iyaka ya dawo, ba a taɓa kashe shi ba. Shi ya sa Yazid mai kalangu kan kira sunansa kafin a buɗe fage, cikin mazan da gwiwarsu ba ta san ƙasa ba.

Amma naushin da ya sha bai tafi banza ba. Da ya manyanta hannunsa ya kama rawa, harshensa ya yi nauyi, wuƙa ta gagare shi. Ɗansa Bilal, mai kanti, ya ƙone masa layu, ya ce duk jahilci ne. Ba abin da ya rage masa sai sunan nan a bakin Yazid.

Wata ranar kasuwa 'yan kabu-kabu suka kaure da gardama a rumfar mai shayi, kan wani ƙaton zakaran damben Turawa da suka gani a waya. Wasu suka ce ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu suka ce ko na biyar bai kai ba. Saminu da Yazid na zaune a ƙarshen benci.

"Su faɗi, a jira su, su tashi," in ji Saminu da ƙyar. "Wanga dambe ne?"

Wani saurayi cikin 'yan kabu-kabun, Sani, ya juyo. "To kai Baba, na nawa ne?"

"Ni ba a sa ni layi."

"Zamanin da ba hoto kowa sadauki ne! Baki dai muka ji. Gwada muna ko naushi guda."

Rumfa ta ɗauki dariya. Saminu ya jawo igiyar da aka ɗaure itace da ita, ya naɗe hannun dama, yana ja da haƙori da hannun hagu.

"Bari, Saminu, yara ne," Yazid ya roƙe shi.

"Kaɗa min takena."

Yazid ya kaɗa. Tsohon ya duƙa kamar da, ya miƙa hagu, ya nufi Sani, wanda ke tsaye hannu cikin aljihu. Ya kai duka, ƙafa ta ƙi, gwiwarsa ta dafa ƙasa.

Wani ya ce, "Kisa!" da wasa. Ba wanda ya yi dariya.

Sani ya ruga ya tallafe shi. "Wasa ne, Baba. Ko taɓa ka ban yi ba."

"Rumfar shayi ba fage ba ce," in ji Yazid. "Wannan ba ya shiga lissafi."

Saminu ya dube shi. "Na naɗa hannu?"

"Ka naɗa."

"Ka kaɗa take?"

"Na kaɗa."

"To fage ne. Hidda sunana."

A gida 'yarsa Kubra ce ta yanke igiyar, don yatsunsa sun kasa kwance ta. Bai sake taka kasuwa ba, ya rasu kafin hatsi ya fid da kai. Da kaka Yazid ya bi umarnin, bai kira sunansa a fage ba. Har yau in gardamar ta tashi a rumfar, tsofaffi kan ce Arewa ba ta haifi kamarsa ba. Samari kuwa sun san shi ne tsohon da ɗan kabu-kabu ya kashe, hannu cikin aljihu.