Kawuna da Digirin Tauhidi

A shekarun da intanet ta fara shigowa Zuru ina koyar da addinin Kirista a wata sakandare, sai na yi rajistar digiri na biyu a ilimin tauhidi da wata makarantar ƙasar waje. Ajina kujerar roba ce a shagon wani Ibo mai sayar da kayan lantarki, wanda ya jera kwamfuta uku a bayan kanta. Tun ranar farko ya fara kirana Dokta, ni kuwa ban hana shi ba. Kafin shafi ɗaya ya buɗe, mutum ya ci tuwo ya wanke hannu.

Malaminmu Bature ne, ban taɓa jin ko muryarsa ba. Na yi wata biyu ina fama da takarda a kan wasiƙun manzanni, ya ba ni makin da da ƙyar na tsallake. Sai a wani aikin na ambaci golmo, noman da samarinmu ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Mutumin nan ya ruɗe. Ya aiko da dogon saƙo, wai yanzu ne ya ji muryata ta gaskiya, in bar manzanni ga waɗanda suka iya Helenanci, in rubuta masa addinin kakannina.

Nan na gane abin da kasuwar ke so. Na ɗauko kawuna na ƙauyen Manga na mai da shi ɗan gargajiya na ƙarshe a ƙasar Zuru. A rubuce na gina masa wurin tsafi a gindin kuka, na sa shi yana neman izinin kakanni kafin shuka. Alhali kawu ya fi shekara talatin yana dattijon ikilisiya, kuma shi ya taɓa zane ni don na yi gyangyaɗi ana wa'azi. Maki ya yi ta hawa, ni ma na fara tafiya da jaka a hammata.

Ana nan malam ya ce yana son hoton tsohon, zai nuna wa sauran ɗalibai. Na hau acaɓa da kyamarar aro na nufi Manga. Na gaya wa kawu cewa Turawa ne ke son ganinsa, ban ƙara komai ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, yana sanye da kwat ɗinsa ta Kirsimeti, da tabarau, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa rungume a ƙirji. Na lallaɓa shi ko zai tsaya a gindin kuka, ya ce bakin coci zai tsaya, don su ga an sa sabon kwano.

Haka na aika. Bayan kwana biyu amsa ta zo cikin ladabi: hoton ya yi kyau, amma ko akwai wanda ya fi nuna shi yadda yake a zahiri, da kayan gargajiya?

Dole na koma na faɗa wa kawu komai, har da tsafin da na ƙaga masa. Ya saurara yana gyara ƙotar fartanya. Ya tambaye ni ko karatun Allah ne nake yi da gaske, na ce shi ne.

"To, ɗana, ka ce mishi su suka zo suka ce mu sa riga. In yana son a tuɓe, shi fara tuɓe tashi shi aiko muna hoto, mu ma muna da masu son kallo."

Ban aika wannan saƙon ba. Na rubuta wa malam cewa al'ada ta hana a ɗauki tsohon hoto a wurin ibadarsa. Wannan ƙaryar ta fi duk sauran burge shi, har ya ce in yi babi guda a kanta. Na yi, kuma da ita na gama digirin.

Kawu bai tona ni a wajen kowa ba. Amma har ya rasu, duk ranar da fasto ya ba ni wa'azi, sai kawu ya zo ya zauna a bencin gaba ya naɗe hannu yana kallona.