Haboba Marta Ba Ta Fita Shiru Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kakata, Haboba Marta. Haboba muke ce mata, kamar yadda duk yaran Khartoum ke kiran kakarsu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, amma duk sanda na fara sai in tarar rabin maganar ta koma kan babban ɗanta, Baffa Usman, yayan mahaifina. Bana na haƙura, zan bar su tare.

'Yar duwatsun Nuba ce, Kirista tun daga gidan iyayenta. Kakanmu kuwa tela ne a kasuwar Omdurman, jikan Kanawan da suka taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon da har yau ba a tashi ba. Ya aure ta da addininta, ya kuma bar ta da shi. A bakin surukarta ta koyi Hausa, shi ya sa har ta bar duniya Hausarta ta tsofaffi ce, tana gyara mana magana mu da muke taƙamar gadonmu ce. 'Ya'yanta duka Musulmi ne. Da azumi ita ke haɗa musu abin shan ruwa, ranar Lahadi kuma ta yafa tobinta, lafayar matan Sudan, ta hau mota zuwa cocinsu da ke Mayo.

A cocin akwai wani tsohon ogan mai feda, irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinkin mijinta. Fiye da shekara talatin ita ce a gabansa. Ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne take aiki, kuma tana da tsarinta. Kafin kowace waƙa takan danna murya guda ta riƙe, tana sauraron tsohuwar da ta fi kowa raunin maƙogwaro. In ta ji ba za ta kai ba, sai ta sauko ƙasa. Sai kowa ya kama sannan a fara. Matasa sun sha ƙorafi wai tana ja musu waƙar murna kamar ta makoki. Ta ce su kai ƙararsu wurin wanda ya tsufar da mutane. Inda ogan ba ya zuwa, kamar gidajen rasuwa, da baki take ba da muryar, leɓe a rufe.

Gidajen rasuwa kuwa ta shiga ba adadi, domin mata mawaƙan cocin suna da al'adarsu: in nasu ya mutu, ba a fitar da shi shiru. Suna tsayawa a tsakar gida suna waƙa har gawa ta wuce ƙofa.

Bayan rasuwar kakanmu ta koma Kalakla, gidan Baffa Usman, wanda shi ke jan salla a ƙaramin masallacin unguwar. Mutum ne mai daɗin ƙira'a, kuma limancin nan shi ne mutuncinsa, don ba wani abin duniya gare shi ba. Da ciwo ya kwantar da ita, ina zaune ina mata fifita ta kira shi.

“Usman, ya waladi, ɗana. Ban roƙe ka komai a kan addinina ba tun da na haife ka. Kada ka fitar da ni shiru.”

“Yumma, Allah ya ba ki lafiya,” in ji shi, don haka yake kiran uwarsa.

“Ba ita na tambaye ka ba.”

Ya gyara mata matashin kai ya fita.

Da hantsi ta cika. Aka kafa rumfar makoki a bakin titi, maƙwabta suka fara zuwa. A ƙasar nan mai ta'aziyya ba ya fara da magana. Tun daga nesa yake ɗaga tafukansa ya ce Fatiha, mai gida ya ɗaga nasa, su karanta tare, sannan a gaisa. Hannu ya riga ya saba. Ranar na ga dattawa sun ɗaga hannu, sai a tsakiyar hanya su tuna wace ce ta rasu. Wani ya bar nasa a sama bai san inda zai kai su ba, wani ya wayance da gyaran rawani. Baffa yakan kama hannun kawai ya riƙe, ya yi godiya. Ina riƙe da tiren shayi, ina kuka, dariya kuma tana neman ƙwace mini.

Sai ga matan coci sun sauko daga mota cikin fararen tobi, babbarsu Rahila a gaba, tsohuwa ce mai dogara sanda. Suka tsaya a ƙofar gida, ba wanda ya ce su shiga, ba wanda ya ce su koma. Wani dattijon masallaci, Haj Tijjani, ya ja Baffa gefe, amma ba can nesa ba.

“Ya Shehu, uwa uwa ce, ba mu ce komai ba. Amma waƙar kanisa, waƙar coci, a gidan liman? Su jira ta a maƙabartarsu mana. Ka tuna gobe kai za ka tsaya a gabanmu.”

Baffa ya ji shi har ƙarshe. Sannan ya taka zuwa ƙofa ya ce wa matan, “Itfaddalu, ku shigo.”

Suka kewaye akwatin gawar a tsakar gida, maza masu ɗauka suna tsaye a jikin bango. Nan aka gano abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Matan nan ba su taɓa fara waƙa da kansu ba. Wata ta ɗauko ta can sama, muryarta ta tsinke. Wata ta ɗauko daga ƙasa, ba wadda ta bi ta. Suka yi tsit, kuma wallahi dukansu akwatin suka juya suna kallo, kamar yadda suka saba kallonta su ji inda za a kama. Rana tana yi, mota tana jira, wani daga cikin maza har ya sunkuya zai ɗauka.

Sai muka ji murya guda daga jikin bango, leɓe a rufe, an riƙe ta da tsawo. Baffa Usman ne, kansa a ƙasa. Rahila ta gwada kamawa ba ta kai ba, ya sauko mata kaɗan. Ta kama, sauran suka bi. Da waƙa ta miƙe ya yi shiru, ya sa kafaɗa ya ɗauki uwarsa.

Ba wanda ya tare shi da maganar daga baya. Mutanenmu ba sa haka. Sahu dai ya riƙa raguwa, wasu suka gano cewa masallacin can gaba ya fi iska. Kafin azumi ya zagayo aka gabatar da wani matashi, wai don a hutar da Shehu. Baffa ya koma sahu na biyu, kuma bai taɓa fashin salla a masallacin ba. Ni ba malama ba ce, ban san hukuncin abin da ya yi ba, kuma ban zo yanke shi a nan ba. Na ga dai abin da ya ci masa.

Nakan tambayi kaina me Haboba za ta ce da ta ga yau. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartoum cocinta ya sayi sabon abin kiɗa na lantarki mai buga ganga da kansa, wanda ba ya jiran kowa. Na tabbata da ta yi tsaki. Yaƙin kuwa ban san da wane baki za ta yi maganarsa ba. Kalakla ta watse, Mayo ta watse, matan nan ban san inda ko ɗaya take ba. An binne mutane a tsakar gidajensu da gefen titi, Musulmi da Kirista, wasu ba salla, wasu ba waƙa, maƙwabci ya haƙa rami da sauri ya koma ɗaki. Matar da ta ƙi yarda a fitar da mutum guda shiru, ina jin gara da ba ta gani ba.

Abin da ya rage nata kaɗan ne. Kabarinta ba mu samu zuwa ba tun da muka bar gari. Waƙoƙinta ba mu iya ba, mu jikokinta, kuma ba namu ba ne. Abin da na san ya rage shi ne tsoho guda a ɗakin haya a garin Gadarif, Baffa Usman, wanda ta yi renonsa har ya san ana saukowa don mai rauni ya kama.

Makon jiya na kira shi a waya, na ce zan yi rubutu a kan Haboba. A karo na farko na yi ƙarfin halin tambayarsa ko ya taɓa yin nadama.

“Ya bitti, 'yata,” ya ce, “limanci wani ya karɓa, kuma ana ta salla, ba a fasa ko ɗaya ba. Uwata fa? Da ta fita shiru, wa zai dawo mini da ita in gyara?”