Dakatarwa Ba Kora Ba Ce

Kwana tara da rasuwar maigidana wata mata ta yi sallama a ƙofata, yatsunta duk sun yi shuɗi. Ban san ta ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro carbinsa, mai ƙwayar nan ɗaya da ta tsage. A cikin zanin gadon asibiti ta tsince shi, wajen wanki. Ta yi ta bin ma'aikatan jinya da tambaya har ta gano layinmu, ta tako da ƙafa.

"Na wanke shi kafin in san na wane ne," ta ce. "Ki yi haƙuri. Na san da kin fi son sa da ƙamshin hannunsa."

Haka na san Mai Bula. Shekara ashirin da uku ta yi tana wanke zannuwan asibiti a wani ɗaki mai tururi can baya, kusa da inda ake ƙona shara. Daga baya ta kama hayar ɗakin da ke kallon nawa. Ina ce mata Yaya, ita kuwa Malama take ce min, don kawai ina iya haɗa baƙi in rubuta wasiƙa.

Lokacin da ta kama hayar an riga an raba ta da aikin. Zannuwa goma sha biyu suka ɓata a sito, aka rasa wanda za a ɗora wa, sai aka miƙo mata takarda. A leda take ajiye ta, bini-bini ta kawo min in sake karanta mata: an dakatar da ita har sai an gama bincike.

"Kin ji ko? Dakatarwa suka ce, ba kora ba. Za su kira ni."

Rigar aikinta na rataye a ƙusa, a goge, shekara shida.

Abu ɗaya ke fitar da ita daga tunani, wasan da ake nunawa a talabijin ranar Talata bayan la'asar. Labarin wani direban kamfani ne da aka ce ya saci mai, aka dakatar da shi. Ni ba mai kallo ba ce, na fi son in zauna da carbina, amma sai ta jawo ni.

"Dubi yadda yake goge takalmi kowace safiya, alhali ba inda za shi. Wallahi wanda ya rubuta wannan ya taɓa zaman gida."

In aka nuna ɗakin asibiti kuwa, sai ta manta da labarin. "Wa ya shimfiɗa gadon nan? Ko kusurwa bai iya lanƙwasawa ba! A hannuna da ya sha faɗa."

Na taɓa ce mata, "Yaya, ƙarya ce fa aka shirya."

Ba ta ko juyo ba. "Ƙaryar da ta san ciwona ta fi min gaskiyar da ta manta da ni."

Wata Talata mai kula da sito, wanda shi ne ya saci man, ya kasa jure abin da ke cin sa. Ya hau bene, ya tsaya a ƙofar manaja, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Mai Bula ta miƙe tsaye, gwiwoyin da take kuka da su ma ta manta. Sai hoton ya tsaya, rubutu ya fito.

"Malama, me suka ce?"

Na so in yi shiru, amma ban saba yi mata ƙarya ba. An dakatar da shirin har sai an samu masu ɗaukar nauyi. Mai son a ci gaba ya rubuto.

Ta koma ta zauna a hankali. "Shi ma?" Can ta ce, "To ai dakatarwa ce. Ɗauko biro."

Wasiƙa bakwai na rubuta mata zuwa gidan talabijin. Ta bi layinmu shago-shago da ɗan gwangwanin bula, wanda bai iya sa hannu ba ya tsoma yatsa ya dangwala. Telan layinmu ya yi ta tsokanarta.

"Inna, direban nan naki yana can a motarsa ta gaske yana shan iska, ke kina nan kina yawo a rana."

"Kai dai kawo yatsa, mai ɗinkin hannun riga ɗaya ya fi ɗaya."

Ya dangwala har sau biyu.

Amsa ɗaya ta zo, bugun inji, ko sunanta babu. Sun gode, suna duba lamarin. A lokacin wasan sai tallan sabulu da wasu mutane masu surutu a kan kujeru. Duk da haka kowace Talata sai ta kunna.

Da damina ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Tururin shekara ashirin da uku ne, in ji likita. Ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta. Wajen gaisuwa wata tsohuwar abokiyar aikinta ta raɗa min cewa zannuwan nan an gan su tun shekara huɗu da suka wuce, a bayan wani kabad, ƙura ta rufe su. Kowa ya zaci wani zai aika mata. Na riƙe carbina da ƙarfi, na nemi tsari daga abin da ya zo bakina.

'Yarta ta kwashe kayan ɗakin, har rigar da ke ƙusa. Talabijin ɗin ta bar min, haka uwarta ta ce. Gidan talabijin har yau ba su ce sun soke ba, ba su ce za su ci gaba ba. Ni da ba na kallo, kowace Talata ina idar da la'asar sai in kunna, in zauna gaban tallan sabulu. Ranar da zan raka ta asibiti ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce:

"Malama, in mai kula da siton nan ya ƙwanƙwasa ƙofar manaja ba na nan, ki kalla min. Kada ki tashi sai kin ji da kunnenki an ce wa direban ya dawo aiki."