Luba, Mai Sujada da Kumatu

Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Alhamis, tara ga Rajab, shekara ta 1281 bayan Hijira, da hantsi, 'yata Luba ta rasu a gidana da ke Isa, tana da shekara shida. Ni Kassimu, mai karantar da yara, na sha rubuta wa mutane ta'aziyya. Yau alƙalamin ya fi ƙarfina.

Luba, da ƙullutu aka haife ki a goshi, tsakanin idanu, kamar ƙwan zabo, mai laushi, yana motsi idan kika yi kuka. Ranar suna na ce wa Illo wanzami ya cire shi. Ya taɓa, ya mai da aska cikin zabira.

"Malam, wanga ba maruru ba na," ya ce. "Ƙwalwa ta, ƙashi bai ruhe ta ba. In nis sa aska, na kashe ta. Ku tsare goshin ga, kar komi ya danne shi."

Na ji haushinsa a ranar. Allah Ya yafe mini, shi ya ba mu shekara shida da ke.

Tun daga nan mahaifiyarki Saude ba ta taɓa goya ki ba, don kada goshinki ya haɗu da bayanta. A hannu ta rene ki. Da hannu ɗaya ta koyi tankaɗe da tuƙin tuwo, mata na yi mata dariya, tana taya su. Ke kuwa kika tashi da baki kamar me! Yaro ya kalle ki ya daɗe, sai ki ce masa, "Ka gama? To biya karatunka in ji." Kin haddace har Sabbi daga bakin zaure, ba wanda ya zaunar da ke.

Da kika fara bin mu salla, na ga kin nufi ƙasa da goshi, na daka miki tsawar da har yau nake nadamarta. Ba ki yi kuka ba. Kika juya kai, kika ɗora kumatun dama a tabarma, kika ce, "Baba, haka Allah na karɓa?" Na ce Yana karɓa.

Ran Litinin kuka tafi Tozai gaida kakarki. Saude na rijiya aka buga kuge, aka ce ga mahayan Gobir sun ɓullo. Gari ya ruɗe. Fadima, maƙwabciyar kakarki, ta gan ki tsaye ke kaɗai a bakin hanya. Ta bar tukunyarta, ta yi abin da kowace uwa za ta yi: ta saɓa ki a baya, ta ɗaure da zane tamau, ta ruga daji. Ba ta sani ba. Mahayan ma ba su shigo garin ba.

Da aka kwance ki, goshin ya fashe yana zubar da ruwa. Zazzaɓi ya biyo. Kwana uku kika yi a hannun uwarki.

Da aka dawo da ke, Fadima ta biyo ku Isa a ƙasa, tana bakin ƙofa ba ta ci ba ta sha. Jama'a, kada wanda ya gaya mata magana. Ranta ta sa don ɗiyar wani. Saude, ki yi haƙuri, hannuwanki sun yi iyakar yinsu. Luba, ina yi wa kakarki da dangi na Tozai da Sabon Birni ta'aziyya.

Allah Ya jiƙan ki, Luba, Ya sa ki cece mu, Ya sanyaya zuciyar Fadima. Ni na sa ki a kabari. Na kwantar da ke ta dama, kumatunki a ƙasa, fuska ga alƙibla, yadda kika saba sujada. Ya Ubangiji, na ce mata Kana karɓa. Ka karɓa.