Turmin da Babu Komai a Ciki

A gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina, idan sanyi ya shigo, saman bene muke hawa bayan Magariba. Kaka Ladi ta ajiye kaskon gawayi a gabanta, ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta, ko sukari ka ɗeba a ɓoye sai ta ji. Tana ba mu tatsuniya da Hausa, muna amsawa da Larabci, tana ce mana jikokin shinkafa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, har ta ishe ni. Wata mata ce a shekarar yunwa, hatsinta ya ƙare, kunya kuma ta hana ta roƙo. Kullum da yamma sai ta ɗauki taɓarya ta yi ta dakan turmi babu komai a ciki, don maƙwabta su zaci tana da na tuwo. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce lafiya lau. Wata tsohuwa ce kaɗai ta kasa kunne, ta miƙo mata ƙwaryar gero ta saman katanga. "Ku dai ku iya sauraro," in ji Kaka. "Idan da hatsi a ciki, sautin ba ya tashi sama haka."

Ina shekara goma Baba ya kai mu wani ƙauyen tarihi da aka gina a bayan Madina, don nuna yadda mutanen karkara suka rayu fiye da shekara ɗari baya. Ga ɗakunan laka, ga raƙumi yana jan guga a rijiya, ga masu saƙa da ganyen dabino. Baba ya yi wannan bayanin a mota, ashe Kaka gyangyaɗi take yi.

Muna cikin zagayawa sai ta tsaya cak. Wata mata sanye da kayan da, tana daka a ƙofar wani ɗaki.

"Ruƙayya, kin ji?" Ta damƙe hannuna. "Babu komai a turmin can."

Na ce mata ai wasa ne, kowa a nan aiki yake. Ta ce in rufe mata baki. Ta karɓi kular abincinmu daga hannun Umma, ta kai gaban matar, ta ce da Larabcinta mai karkata, "Ci, 'yata. Ba wanda zai sani."

Matar ta yi dariya, ta kira ta inna da Larabci. "Ya khala, wallahi na ƙoshi. Ni malamar makaranta ce, hutu ne ya kawo ni."

Kaka ta juyo gare mu, idonta ya cika. "Kun gani? Haka suke cewa."

Ta zauna a ƙasa, ta rantse ba za ta sa komai a baki ba sai matar ta ci. Ga shi tana da ciwon sukari, an yi mata allura da safe, Azahar kuma ta wuce. Baba ya roƙa, Umma ta roƙa, a banza. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Malamar ce ta cece mu, Allah ya saka mata. Ta kama hannun Kaka ta zagaya da ita bayan bangon lakar, inda baƙi ba sa shiga. Akwai wani ɗan ɗaki mai fanka da firji. Ta buɗe firjin, ta ɗora tafin Kaka a kan tukunyar shinkafa da kaza. Kaka ta shafa, ta buɗe, ta shaƙa, sannan ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To ke 'yar nan, gobe ki zuba ko da tafi ɗaya ne. Ki daina tsorata tsofaffi."

A nan suka zauna suka ci tare. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana tauna kamar ranar ba.

Mun shekara muna tsokanarta da wannan labari, tana taya mu dariya. Sai bayan rasuwarta, lokacin na fara aiki a wani kantin magani a unguwar Aƙiƙ, na sake ba Baba labarin don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce matar cikin tatsuniyar nan ba kowa ba ce, mahaifiyar Kaka ce, a wani gari da suka yada zango a Sudan, kan hanyarsu ta zuwa Hajji a ƙasa. Kaka tana 'yar shekara shida, ita ake sawa ta riƙe turmin kada ya faɗi.

Tun daga ranar, idan tsoho ya zo ya sayi rabin maganinsa ya ce sauran yana da shi a gida, ba na saurin cewa to.